Alkawarin Zayyanu Mai Ƙanƙara

Shekara goma sha shida ke nan Zayyanu yana dakon ƙanƙara a Riyad. Mutumin Illela ne, can bakin iyakar Nijar, inda a bazara sai an yayyafa wa tabarma ruwa kafin a kwanta a kanta. Ya baro mata ɗaya da 'ya'ya biyu a gida, yanzu 'ya'yan sun kai biyar, don duk bayan shekara biyu yakan je hutu. Kafilinsa, Balaraben da ya ɗauko shi aiki, yana da 'yar masana'antar ƙanƙara a kudancin gari. Kullum bayan sallar asuba Zayyanu zai loda bulon ƙanƙara a mota, a bi masu kifi, da masu shagunan lemo na unguwannin Shumaisi da Murabba, da wuraren gine-gine inda ake sanyaya wa leburori ruwan sha. Tafin hannunsa ya yi fari ya tsattsage. Kafaɗarsa ta dama kuwa ta daɗe da daina jin sanyi, ko ka tsunkule ta sai ya ce bai ji ba.

Direban motar wani dattijo ne ɗan Pakistan mai jan gemu, sunansa Sharbaz. Shekara goma sha ɗaya suka yi a gaban mota ɗaya. Babu mai jin yaren wani, sai dai Larabcin leburori, wanda kowa ke karya shi ta inda ya ga dama. Zayyanu yana ce masa Baba, shi kuma yana ce masa sadik, wato aboki.

Baba Sharbaz ba ya ganin ƙanƙarar masana'anta da gashi. Yakan ƙwanƙwasa bulo da makullin mota ya ce, "Sadik, wannan ai ba ƙanƙara ba ce. Ruwan famfo ne aka tsorata ya sandare."

"To taku ta can fa, Baba, da me aka yi ta?"

Da ma abin da dattijon ke jira ke nan. Garinsu yana can ƙarshen arewacin ƙasarsu, cikin wani kwari mai zurfi, kwana biyu a mota daga birnin da jirgi ke sauka. Duwatsu ne suka kewaye shi, irin waɗanda girgije ke tsayawa a ƙugunsu, kawunansu fari fat rani da damina. Tsakanin dutse da dutse akwai koguna na ƙanƙara zalla, sun girmi kakannin kakanni, suna gangarowa a hankali, a shekara ba su wuce 'yan taku ba, wani lokaci ka ji suna gurnani daga ciki kamar sa. Ruwan sama bai cika zuwa ba. Alkamarsu da itatuwansu na mishmish, wani ɗan itace mai zaƙi, duk da narkakken ruwan nan suke rayuwa.

"Ku damina kuke jira," in ji shi, "mu zafi muke jira ya tatso mana dutse."

Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na dashen ƙanƙara. Ya ce a wurinsu ƙanƙara akwai namiji akwai mace. Namijin baƙi-baƙi ne, ƙasa da tsakuwa sun lulluɓe shi, rowar ruwa gare shi. Macen fara ce tas, ita ke zubar da ruwa. Shekarar da ya cika sha tara rafin unguwarsu ya ƙafe, sai dattawa suka zaɓi maza goma sha biyu, har da shi da mahaifinsa. Suka sari namiji daga wani kwari, suka sari mace daga wani, suka goya a kwanduna suka hau dutse yini biyu. Doka biyu ce: kaya ba ya taɓa ƙasa, in ka gaji sai dai ka juye wa na kusa da kai a baya, kuma wanda ke ɗauke da kaya ba ya magana, ko an kira sunansa. A wani kogo da rana ba ta leƙawa suka haɗa su, suka rufe da gawayi da ƙaiƙayi, aka yi addu'a aka sauko. Bayan shekara goma sha biyu rafin ya dawo.

"Tana nan har yau," yakan ce, yana buga sitiyari. "Ƙanƙarata. Daga maƙabartarmu ana hango bakin kogon."

Da Zayyanu ya kai labarin ɗakinsu, Ghali, Bakanon da suke kwana ɗaki ɗaya mai tuƙa motar wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, sai da ya riƙe ciki don dariya. "An ɗaura wa ƙanƙara aure? Wa ya yi waliyyi? Malam Zayyanu, tsohon nan ya ga kana da kunne ne kawai." Zayyanu ya yi murmushi. Shi ma da farko ya ɗauka zuƙi ne, amma ya ji labarin ya fi sau hamsin, kuma ko sau ɗaya maza goma sha biyun ba su taɓa zama sha uku ba.

Wata azahar a watan Yuni cunkoso ya riƙe su a hanya, na'urar sanyaya motar ta mutu. Baba Sharbaz ya ɗora gutsuren ƙanƙara a wuyansa, ruwan yana bin gemunsa. Kwana biyu ke nan yana dafe ƙirji in ya taka matakala.

"Sadik, in na mutu a nan, kada ka bari a sa ni cikin wannan tanderun. Ba ni da kowa a garin nan. Ka tura ni gida, a kwantar da ni kusa da babana."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Insha Allahu da ƙafarka za ka koma."

"Ba insha Allahun manaja nake so ba. Kawo hannunka."

Zayyanu ya miƙa hannu. Dattijon ya damƙe shi da jiƙaƙƙen tafinsa, bai saki ba sai da na bayansu ya danna oda.

Farkon watan Yuli, a ƙofar wani mai kifi a Shumaisi, Zayyanu ya shiga da bulo na uku ya fito, ya tarar da Baba Sharbaz zaune a matakalar mota, kansa jingine da ƙofa, hularsa a ƙasa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka sa shi a firjin gawa.

Ɗansa na fari, Nadir, ya taɓa yin shekara biyu yana aiki a Dammam, don haka yana jin irin Larabcinsu. Ya yi kuka a waya, ya ce sun san burin mahaifinsu, ya turo takardar wakilci da sunan Zayyanu. Kafil bai hana ba, ya ce zai sa hannu a duk abin da aka kawo masa, amma zirga-zirgar ba tasa ba ce. Daga ranar Zayyanu yakan gama rabon ƙanƙara da sabon direba, ya kama hanya: asibiti, ofishin 'yan sanda, ofishin jakadanci, kamfanin jirgi. Kowace takarda tana jiran wata takardar. Bai iya karatun boko sosai ba, sai ya riƙa gane su da launin hatiminsu.

Abin da ya fi zirga-zirgar cin ransa shi ne firjin. A Illela mutum zai rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Mahaifiyarsa ma sai da aka rufe ta sannan wayarsa ta yi ƙara. Yanzu ga shi shi da kansa ya ajiye Musulmi a cikin sanyi, kwana yana bin kwana.

A kwana na goma Ghali ya kasa haƙuri. "Malam Zayyanu, tsakaninka da Allah, bawan Allahn nan kifi ne? Ƙasa duk ta Allah ce. Ka bari a suturta shi ya huta."

"Na ba shi hannuna."

"To hannun naka ne zai amsa masa tambayar kabari?"

Zayyanu ya ture kwanon shinkafarsa gefe, ya jawo jakar takardu yana sake jera su.

A kwana na goma sha tara hatimi na ƙarshe ya hau. Jirgi zai tashi da gawar jibi. Yana fitowa daga ofishin kamfanin jirgin da hantsi wayarsa ta yi ƙara, Nadir ne, ta bidiyo. Hoton yana yankewa yana dawowa. Fuskar saurayin duk taɓo.

"Kawu, duba."

Ya juya wayar. Zayyanu ya ga duwatsun da ya shekara goma sha ɗaya yana jin labarinsu, sun fi yadda ya zata tsawo, farinsu har yana kashe ido. A ƙarƙashinsu kuwa babu kore ko kaɗan. Laka ce toka-toka shimfiɗe daga wannan gefen kwarin zuwa wancan, da manyan duwatsu kamar ɗakuna, da rufin wani gida a kife.

Nadir ya ce zafin bana ya yi yawa. Ruwa ya taru ya zama tafki a gindin babban kogin ƙanƙarar da ke saman kwarin, shekaranjiya ya ɓalle. Makiyaya ne suka hango suka yi ihu, mutane suka hau tudu, shi ya sa aka tsira da rai. Amma gada ta tafi, hanya ta tafi, gonaki sun tafi. Gangaren da maƙabarta take ya zame gaba ɗaya.

"Kabarin kakana ma ba mu san inda yake ba. Mama ta ce a gaya maka ka rufe shi a can."

"A'a. A bar shi har a gyara hanya. Zan jira."

"Kawu, ba za a gyara kafin sanyi ba. In dusar ƙanƙara ta sauka kuma an rufe ke nan sai baɗi. Shekara za ka bar shi a firji?"

Zayyanu ya jingina da bango. Can ya ce, "Ƙanƙarar da ya dasa fa? Ta cikin kogo?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Ta ƙare shekara huɗu da suka wuce. Babu komai a kogon sai gawayi. Ba mu gaya masa ba. Da ya zo hutu ƙafarsa ba ta iya hawa, sai muka ce tana nan."

Wakilcin yana hannun Zayyanu, ba mai binne gawar sai ya sa hannu. Yini guda ya yi yana yawo da jakar takardun, bai je ko'ina da ita ba. Washegari ya koma asibitin, ya nemi takardar binnewa a Riyad. Wannan ba ta ɗauki ko yini biyu ba.

Aka yi masa salla bayan la'asar tare da wasu gawarwaki huɗu. Mutum bakwai suka raka shi: Zayyanu, Ghali, sabon direban, sai wasu 'yan Pakistan huɗu da suka ji labari a masallaci. Maƙabartar fili ce fetal a bayan gari, ba itace ko ɗaya, kaburbura layi-layi, kowanne da ɗan dutse a kai da ƙafa, babu suna. Aka saka shi, aka tura ƙasa. Da aka ɗauko jarkar ruwan da za a yayyafa wa kabarin, sai aka nemi Zayyanu aka rasa.

Motar ƙanƙara tana can bakin ƙofa, tafiya mai ɗan nisa. Suka hango shi yana tahowa a duƙe, bulo guda a bayansa a kan buhu, ruwa yana zuba ta gefen rigarsa.

"Malam Zayyanu, mene ne haka?" in ji Ghali. "Kawo in kama maka."

Bai amsa ba.

"Zayyanu! Da kai nake."

Ya wuce shi, idonsa a ƙasa. Wani dattijon Balarabe mai kula da maƙabartar ya taso yana tambayar abin da ake shirin yi. Ghali ya dubi abokinsa, ya dubi bulon, sai a lokacin ya tuna labarin da ya yi wa dariya. Ya tare dattijon da sauri. "Ruwa ne, ya shaihu. Ruwan yayyafi ne, bai dai narke ba tukuna."

Zayyanu ya durƙusa ya zame bulon daga bayansa zuwa kan kabarin. Sannan ya buɗe baki, a hankali, da Hausa, wadda marigayin bai taɓa ji ba: "Baba, ka yafe mini. Ruwan famfo ne. Shi nake da shi."

Ƙasar tana shanye ruwan tun kafin ya gangara. Sauran suka yi addu'a suka koma inuwar mota. Shi ya tsaya har bulon ya koma kamar sabulu, ya ƙirga layi daga katanga, na goma sha huɗu, kabari na tara, sannan ya bi su.

Har yanzu yana kan aikinsa. Masu shaguna sun lura in yana ɗauke da bulo ba ya amsa gaisuwa sai ya sauke, wasu suna cewa girman kai ya soma. Nadir yakan kira jefi-jefi, suna zaune a tanti a garin da ke ƙasa da nasu.

Juma'a ta uku bayan jana'izar Zayyanu ya koma maƙabartar. An ƙara layuka, an kuma kawar da gefen katangar da ya fara ƙirga daga gare shi. Ya ƙirga daga dama, ya sake daga hagu, lissafin ya kai shi tsakanin kaburbura biyu, dukansu busassu ƙayau, ba wanda ke da alamar ruwa ya taɓa sauka a kansa. Ya daɗe tsaye a rana yana duban wannan yana duban wancan. Daga baya ya cire takalmansa, ya matsa tsakiyarsu, ya ɗaga tsattsagaggun hannuwansa ya yi wa dukansu biyun addu'a.