Malam Sanda da Jitar Ajiya

Malam Sanda taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da damar faɗar abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da ikon yin fushi. Bango ɗaya ya raba gidajenmu a Unguwar Sarki. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin rajista a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, ya karɓi fayil ya ba da fayil, har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Dogo ne siriri, mai ɗan farin gemu, ko cefane za shi sai ya goge takalmi. In ka gan shi a sahun gaba a masallaci za ka rantse bai san akwai wani abu wai shi kiɗa ba. To yana da jita.

Ba tasa ba ce, in ji shi. A 1993 aka yi wa wani abokin aikinsa, Mista Bulus, canjin wurin aiki zuwa Kafanchan, ya bar masa ita ajiya, ya ce zai aiko a ɗauka in ya sami ɗaki. Har yau bai aiko ba. Sanda ya ce ajiya amana ce, kuma tsirkiyar jita in ba a taɓa ta tsatsa take yi, don haka dole ya riƙa ɗan taɓawa. Da haka ya fara. Tun ranar, kullum in aka sallame La'asar sai ya shiga sito, ya zauna tsakanin buhun masara da mataccen firji, ya ja ƙofa ya sa sakata, ya yi ta kare amanar Mista Bulus har kusan Magariba.

Ba wanda ya koya masa. Da wayoyin zamani suka zo ya kalli wani Bature yana koyarwa, bayan minti biyu ya kashe, ya ce mutumin bai iya riƙo ba. Kiɗa ɗaya gare shi, shi ya ƙirƙiri abinsa, kuma bai taɓa kaɗa wa kowa ba, har matarsa Jummai. Ita ma ba ta nema ba. In baƙi suka ji ƙara daga sito suka tambaya, sai ta ce rediyon Malam ne yake neman tasha. Ni kuwa ta bango nake samun rabona, sama-sama, gauraye da kukan kajina. Na sha ce masa ya fito ƙofar gida ya kaɗa ko ma sami na goro, sai ya ce, "Habibu, ni ba maroƙi ba ne. Kaina nake yi wa."

Da abin ya tsaya a sito da ba wanda ya sani. Amma shekara biyu bayan ritayarsa buhun masara ya zame ya faɗa wa jitar, wuyanta ya tsage. Sanda ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ya sami labarin wani kafinta a unguwar Doka da ya iya irin wannan gyara, sai matsalar yadda za a fita da ita ba a gani ba. Dabarar da ta zo masa ita ce ya naɗe ta da farin zanen gado, ya ƙara naɗewa da tabarma, ya ɗauko ta a hannu biyu a kwance, ya fito da hantsi fuskar nan duk jimami.

Kowa ya san abin da ake ɗauka haka. Dattawan da ke zaune a majalisar ƙofar masallaci suka miƙe tsaye, suka sa takalma, suka bi bayansa suna salati. Mai wankin hula ya bar hulunansa ya shiga sahu. Sanda ya waiga ya ga mutane, ya ƙara sauri, su ma suka ƙara, tunda gawa ba a ja mata rai. Kafin ya kai bakin titi sun fi mutum ashirin, kowa yana raɗa wa na kusa da shi, jaririn wane gida ne. Ya ɗaga ƙafa zai shiga keke napep, sai wani tsoho ya ce, "Haba Malam Sanda, kai kaɗai? Kawo mu ma mu sami lada." Ya sa hannu ya karɓa, yatsansa ya ja tsirkiya ta cikin zane, gawa ta yi ƙara. Tsohon ya sake ta ya yi baya, Allah ya sa Sanda bai riga ya cire hannu ba. Daga ranar sunansa a unguwa ya koma Sanda Mai Jita, kuma shi kaɗai ne bai san haka ake kiransa ba.

Abin ya kasance na dariya har zuwa bara, lokacin da maganar auren Umaima ta taso. Umaima ita ce autarsa, malamar asibiti ce, yarinya mai hankali wadda ba ta ɗauko komai na ubanta ba sai tsayi. Wanda take so, Sharhabil, malamin sakandare ne a unguwar Malali, iyayensa mutanen Katsina ne. Shekara uku suna tare, kowa ya shaida. Kamar yadda aka saba, kafin a sa rana danginsa suka turo wanda zai yi bincike a kan gidan yarinya, baffansa Alhaji Ila, wani guntun tsoho mai sanda da kaifin ido. Ya sauka a bakin layinmu ya tambayi mai wankin hula gidan Malam Sanda.

"Wane Sandan? Mai Jita?" in ji shi.

Alhaji Ila bai ƙara taku ɗaya ba, ya juya ya koma Malali. Da yamma saƙo ya iso cewa a dakata da maganar, su a gidansu ba sa haɗa zuri'a da makaɗa.

Ni wannan abu yana ƙona mini rai. Mutanen da ranar biki za su ɗauko mai kiɗa da manyan lasifiku su hana unguwa sakat, su yi rawa har hula ta faɗi, su ne kuma ba za su auri 'yar makaɗi ba. Amma ba lokacin wa'azi ba ne. Umaima ta shigo gidana idanunta sun kumbura, ta durƙusa ta ce, "Baffa, ka yi wani abu. Ka san Baba ba zai iya magana ba."

Na tafi Malali da kaina. Na rantse wa Alhaji Ila cewa Sanda bai taɓa kiɗa a gidan biki ko suna ba, ba a taɓa yi masa liƙi ba, ko matarsa ba ta taɓa ganin yatsunsa a kan abin ba. Tsohon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam Habibu, kai ɗan'uwanshi ne, mi za ka ce in ba haka ba? Ni na girma kusa da gidan makaɗa. In na ji hannun mutum sau ɗaya na san ko sana'atai ce ko wasa shikai. Ran Asabar ina tahe, shi kaɗa in ji da kunnena."

Da na kawo wa Sanda wannan saƙo na ɗauka zai ji sauƙi. Sai na ga ya dafe kai.

"Shi ke nan, Habibu, na kashe wa yarinyar nan aure."

"Kamar yaya?"

"Shekara talatin fa ina yi. In mutumin nan ya ji hannuna, wa zai gaya masa ba sana'ata ba ce?"

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Tsokana ta zo mini har bakin leɓe, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na haɗiye. Na ce to ai da sauƙi, ya ɓata kiɗan da gangan, ya danna inda bai kamata ba, ya yi kamar yau ya fara. Ya ɓata fuska kamar wanda aka ce ya sa hannu a takardar ƙarya. Can ya ce saboda Umaima zai yi. Ya kira Jummai ya gaya mata shawarar da aka yanke, ita kuma ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta, ta rufe.

Ran Asabar bayan La'asar Alhaji Ila ya iso, aka shimfiɗa masa darduma a falo, aka kawo ruwa da lemo bai taɓa ba. Jummai da Umaima suna bayan labule. Sanda ya fito cikin farar shadda da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure, rungume da jitar. Ranar na fara ganinta da kyau: ja ce, fentin ya koɗe inda hannu ke gogawa, ga tabon gam a wuya inda kafinta ya ɗinke. Ya zauna a bakin kujera, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, ya yi gyaran murya ko da yake ba waƙa zai yi ba. Ya rufe ido ya fara.

Jama'a, ashe bangon nan ba ƙaramin rufin asiri yake yi mini ba. Abin da ya fito daga jitar nan ban san sunan da zan ba shi ba. Wani wurin kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti, wani wurin ya tsaya cak sai ka ce an gama, ka buɗe baki za ka yi hamdala, sai ya ci gaba. Ƙafarsa tana buga ƙasa da nata lissafin daban, kansa yana kaɗawa da nasa. Na ce a raina, lallai Sanda uba ne, dubi yadda yake wulaƙanta kansa saboda 'yarsa. Har na ji ya fara wuce gona da iri, na yi tari don ya sassauta kada tsohon ya gane shiri ne, amma bai ji ni ba. Gumi yana bin gemunsa, idonsa a rufe, fuskarsa ta yi wani irin haske da ban taɓa gani ba.

Minti goma sha biyu ya yi. Alhaji Ila ya fara da zama a miƙe, sanda a gicciye bisa cinya. A minti na uku ya sa ɗan yatsa a kunne ya sosa. A na bakwai ya buɗe lemon da ya ƙi sha ya shanye. Da Sanda ya ja tsirkiyar ƙarshe ya buɗe ido, tsohon ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa masa hannu biyu.

"Alhamdu lillahi! Malam Sanda, ka yahe mani, an yi maka ƙazafi. Wallahi wanda duk ya ce maka makaɗi ya ɗauki alhakinka, ya ɗauki na makaɗa. Wagga ko a gidan kurame ba ta ba ka abinci. Ɗiyarka ɗiyarmu ce. Sati mai zuwa muna tahe da goro a sa rana."

Guɗa ta tashi a bayan labule. Na raka Alhaji Ila har bakin layi, yana ta sa albarka, yana cewa a gaya wa Malam ya ci gaba da abinsa, ba ya cutar kowa in dai ƙofa a rufe take.

Na dawo da murnata na tarar da Sanda a inda na bar shi, jita a cinya. Na buga kafaɗarsa na ce, "Kai, mutumina! Ban san ka iya shiri haka ba. Wurin nan da ka tsaya kamar an ɗauke wuta, wallahi ni kaina na kusa yarda. Ai ka ɓata shi ɓatawa ta gaske."

Bai ɗago ba. Ya sa gefen hannun rigarsa yana goge gumin da ya ɗiga a jikin jitar.

"Ban ɓata ba, Habibu."

Na tsaya da hannuna a kafaɗarsa.

"Na yi niyya," ya ce a hankali. "Da na zauna na ga mutum a gabana ya zo musamman don ya ji, sai na kasa. Ban taɓa samun mai saurare ba. Na manta da Umaima, Allah ya yafe mini, na manta da komai, na yi iyakar abin da na iya. Ban taɓa kaɗa shi ya yi kyau kamar yau ba."

Shekara sittin ina tsokanar mutumin nan, amma ban da ranar. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar dariyar da na shigo da ita.

Muna haka labule ya motsa, Umaima ta shigo tana share hawaye da bakin mayafi. Ta durƙusa a gabansa ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, Mama ta gaya mini abin da ka shirya. Na ji komai. Na san ba haka kake kaɗawa ba, saboda ni ka yi. Allah ya saka da alheri, Baba."

Sanda ya dube ni. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon darduma. Ya ɗora hannu a kanta.

"Ba komai, uwata," ya ce. "Tashi ki je ki taya mamanki aiki."