Kujeru Biyu da Injin Wankin Ƙoda

Malam Edita, babu abin da ya rusa dauloli a tarihin ɗan Adam kamar rabon kujera. Na karanta tarihi daidai gwargwado, na kuma koyar da shi ga yaran da hankalinsu yake kan tuwon gida, kuma abin da na fahimta shi ne takobi daga baya yake zuwa, bayan an gama zama an miƙa kujeru ga waɗanda ba su dace ba. Ni ban ga wannan a Rum ko Bagadaza ba. A kan hanyar Bodinga zuwa Shagari na gan shi, kuma kujerun biyu ne kacal. Ɗaya ni na hau.

A lokacin ina hedimastan wata firamare a Bodinga, cikin Jamhuriya ta Biyu. Ina da takardar shaidar malanta ta Gireti Tu, da keke, da tabarau wanda idona bai nema ba, da rubutun hannu mai kyau har daga ƙauyuka ake zuwa in rubuta wa mutane takardar koke. Ina ganin kaina mai ilimi a tsakiyar jahilai, kuma ban cika wahalar da kaina wajen ɓoye wannan ra'ayi ba. Zamani ne da kowa a yankinmu yake tafiya kamar gwamnati a aljihunsa take. Wanda jiya yake dillancin albasa yau ya zama ɗan kwangila, yana zancen jiragen ruwa alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi na fadama ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan, wani Alhaji mai neman takara, ya je ƙasar waje ganin likita, ya ga injin da ake haɗa wa wanda ƙodarsa ta daina aiki, ya janye jininsa ya tace ya mayar. Shi ne abin da yau kowa ya sani da wankin ƙoda, amma a wancan lokaci sai a Ikko muke jin labarinsa. Alhaji ya dawo ya rantse sai ya gina asibitin kansa ya sa wannan inji. Da yake ubansa ɗan Bodinga ne, uwarsa 'yar Shagari, kuma ƙuri'un duka biyu yake so, sai ya sa aka aza ginin a tsakiyar hanya, inda babu rijiya, babu turken lantarki, babu kowa sai gawo da awaki. Ni na rubuta masa jawabin aza harsashi da Turanci. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, saboda haka ya tabbata ni masani ne, ya naɗa ni Manaja. Na ajiye alli a ranar.

Aikina na farko shi ne ɗaukar ma'aikata, kuma ƙa'idar ɗaya ce: a raba daidai. Idan aka ɗauki mai gadi daga Bodinga, kafin la'asar dattawan Shagari sun turo wakili ya zo gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali da ta aiki, sannan ya ce an ji abin alherin da aka yi, ana kuma sauraro. Sai a ɗauki mai gadi daga Shagari. Haka muka samu masu gadi huɗu, masinja biyu, masu shara biyu, da direbobi biyu na motar da ba a saya ba. Kullum da safe sukan jeru su ce mini ranka ya daɗe, in amsa da kai. A cikinmu duka babu wanda ya taɓa riƙe sirinji.

A daidai wannan lokaci Kawu ya kwanta. Ƙanen mahaifiyata ne, manomin albasa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi kuma ya ƙi yarda a cire ni daga makaranta lokacin da kowa yake ganin na isa noma. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, fitsari ya ragu. Wanda ya fara gane ciwon wani malamin asibiti ne ɗan Danchadi, abokin karatuna tun aji ɗaya, wanda ya shekara goma sha biyu yana aikin jinya a ɗakin marasa lafiya. Shi ya tura Kawu Sakkwato, likita ya ce ƙoda ce take mutuwa, a kai shi Ikko tun da sauran ƙarfi. Kawu yana da hali, har ya sa an fara taya shanunsa. Ni na hana. Na ce masa inji yana kan teku, wata uku ko huɗu ya iso, kuma ni ne Manaja. Ya yi dariya ya ce wanda ɗansa ke riƙe da makullin inji mi zai kai shi garin da bai iya ko gaisuwarsu ba. Ya sa aka mayar da shanu garke. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa wanga ɗa nashi ne zai wanke mishi jini.

Sai takarda ta zo daga kamfanin da ya sayar da injin. Sun samar da gurbi biyu a wani babban asibiti a Ikko, a turo mutum biyu su koyi sarrafa shi, kuma layi na uku ya ce lallai su kasance ma'aikatan jinya masu takardar shaida. Kafin kwana biyu labari ya cika garuruwan biyu, kuma babu wanda ya kira su gurbin karatu. Kujeru ake cewa, kamar kujerun Makka da 'yan siyasa ke rabawa. Malamin asibitin nan ya zo ofishina da kansa. Bai taɓa kirana Manaja ba, Hedimasta yake ce mini, yana jan kalmar kamar yana tsokanar jaki. Ya tambaye ni ina ruwa, don injin ganga-ganga yake sha, kuma tatacce, ba na rijiya ba. Ya tambayi ina wuta. Ya tambayi wa zai soka allura a jijiya. Na ce ya rubuta duka a takardar neman aiki. Ya ce to, amma in tuna jini ba rubutun allo ba ne, in na yi kuskure babu tsumman da zai goge.

Aka zauna a zauren Alhaji don rabo. Kujerar Shagari ba ta ɗauki lokaci ba: wan matar Alhaji, tsohon masinjan kotu, bai samu kujerar Makka ba a shekarar, yana ta fushi, sai aka ba shi wannan a rarrashe shi. Da aka zo ta Bodinga wani ya ambaci malamin asibitin. Sai wani dattijo ya gyara rawani ya ce, Allah ya ja zamanin Alhaji, Danchadi dai ƙasar Bodinga ce, babu musu, amma ta yaya za a tura na ƙasa Ikko alhali Manaja yana zaune? Ya dawo ya fi shugabansa sani ke nan? Kowa ya ce gaskiya ne. Aka ce in karanta takardar a ji. A zauren nan ni kaɗai ke jin Turanci. Na fassara layi na ɗaya, na fassara na biyu, na gyara tabarau, na tsallake zuwa na huɗu. Wannan shi ne laifina, kuma bai kai daƙiƙa biyu ba.

A Ikko muka iske sistar da ke riƙe da sashen, wata mata mai jiki da ba ta da lokacin gaisuwa. Ta nemi takardunmu. Na miƙa Gireti Tu. Ta karanta gaba, ta juya baya ko da wani abu, sannan ta tambaye ni ko a wajenmu da haddar lissafi ake warkar da ƙoda. Abokin tafiyata ya miƙa katin jam'iyya. Ba ta ma karɓa ba. Tunda kamfani ya riga ya biya, ta ajiye mana benci a bayan gilashi, ta ce mu kalla, kada mu taɓa komai. Ranar farko na ga jinin mutum yana tafiya a cikin roba yana dawowa, na suma, na farfaɗo a ƙasa an ɗaga mini ƙafafu. Tsohon masinjan kotun bai sake zuwa ba, ya koma kasuwa sayen atamfa. Ni kuwa na yi wata uku a bencin nan da littafin rubutu, ina zana injin daga nesa kamar ɗan aji huɗu.

Sati na biyu na ba sistar labarin Kawu, ina neman ta san ni ma ba ƙaramin mutum ba ne. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta tambaye ni tun yaushe, yana amai, yana ƙaiƙayi. Da na amsa sai ta ce in buga waya yau a kawo shi, za ta nema masa gurbi, irin wannan ciwo ba ya jiran yanka ƙyallen bikin buɗewa. Na fita na sayi takarda da ambulan. Da na zauna zan rubuta sai na hango abin da zai faru: Kawu ba zai iya tafiya shi kaɗai ba, malamin asibitin nan ne zai rako shi, su biyu su shigo su same ni a benci a bayan gilashi. Na rubuta cewa horo yana tafiya yadda ake so, malamai suna yaba mini, a ci gaba da haƙuri. Ban taɓa yin rubutu mai kyau kamar na wannan wasiƙa ba. Ranar da za mu taho akawun kamfani ya ba mu takarda mai bakin zinariya, tana shaida cewa mun halarta. Ba ta yi ƙarya ba.

Na dawo na tarar Kawu ba ya iya tsayuwa. Ya tambaye ni ko na koye shi duka, na ce saura kaɗan. Injin ya iso ana saura 'yan makonni zaɓe, shi kaɗai, babu robobinsa, babu matatansa, babu janareta. An shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya sai da lasin, lasin kuma sai wanda ya fi Alhajinmu tsawon hannu. Wannan bai hana bikin buɗewa ba. Aka kawo makaɗa da maroƙa, aka ɗora injin a kan tebur aka lulluɓe shi da leshi, wayarsa tana lilo a ƙasa. Kawu ya nace sai an kai shi, don a zatonsa shi ne na farko. Aka shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kura, malamin asibitin yana riƙe da shi. Ya kwanta a inuwar gawo tun hantsi har la'asar. Alhaji ya zo ya kama hannunsa aka ɗauki hoto. Da taro ya fara watsewa ya sa aka kira ni, ya ce, ɗana, yaushe za a shiga da ni? Na ce yau buɗewa ce kawai, Kawu. Ya kalle ni, ya ce to a mai da shi gida.

Kwana tara ya ƙara. A wurin zaman makoki malamin asibitin ya zo ya durƙusa, ya yi addu'a, ya ce Allah ya ba da haƙuri, Manaja. Ranar ce kaɗai ya taɓa kirana haka. Bayan 'yan watanni soja suka karɓi mulki, Alhaji ya tsallaka iyaka, jama'a suka koma layin sabulu da madara. Masu gadin nan huɗu suka raba ƙofofi da tagogi, biyu Bodinga, biyu Shagari. Ginin ya zama rumbun albasa.

Ban ce da an kai Kawu Ikko da ya rayu ba. Ajali na Allah ne, kuma na ga waɗanda aka haɗa wa injin suka tafi duk da haka. Amma damar gwadawa tasa ce, da shanunsa, ni kuma na karɓe ta don kada a gan ni a benci. Na raina Alhaji, na raina dattawan da suka mai da aikin ceton rai tsarabar zumunci, amma su ba su iya karatu ba. Ni na iya. Yanzu ina jin ana buɗe sassan wankin ƙoda a asibitoci, matasa suna neman aiki a ciki, wasu suna neman shugabanci. Mai neman shugabancin ya fara tambayar ina ruwa, ina wuta, wa zai soka allura, in bai san amsa ba ya nemo wanda ya sani ya tura shi gaba, ko da ɗan ƙauyen da ya raina ne. Wanda aka ba takarda ya karanta wa jama'a kuma, ya karanta ta duka. Muƙamin da mutum bai cancanta ba ba ya haifar masa da komai sai nadama.

Da na koma ma'aikatar ilimi neman a mayar da ni aji, jami'in ya ga takardar mai bakin zinariya a cikin fayil ɗina. Aka ƙara mini girma zuwa mai duba kiwon lafiya a makarantu. A kan wannan muƙami na yi ritaya.