Raka'ar da Ke Ɓace Mini

Ƙusa nake sayarwa, da kwaɗo da fenti da igiya, a shagon da mahaifina ya bar mini cikin Kasuwar Kilomita Biyar. Mu 'yan layin kayan gini muna da ɗan masallacinmu, tabarmi ne kawai ƙarƙashin rumfar kwano. A shekarun rikici tsohon limaminmu ya kwashe iyalinsa ya tafi Kamaru, sai 'yan layi suka tura ni gaba, wai na ɗan taɓa karatu kuma ni ɗan Alhaji ne.

Tun ina yaro ni mai mantuwa ne. A aike ni sayen gishiri in dawo da labarin wata mota da ta lalace a Titin Koudoukou, babu gishirin. Da na girma abin ya zauna daidai gwargwado, ana yi mini dariya ana wucewa. Amma shekarun nan da unguwa ta zama kamar keji, ba shiga ba fita, sun bar mini wani abu a kai. A cikinsu aka ƙona mini sito, ƙanena ya tsallaka iyaka bai dawo ba, mahaifiyata ta rasu. Da ƙura ta lafa kowa ya koma harkarsa, ni kuwa hankalina ya ƙi dawowa wuri ɗaya.

A salla abin ya fi ci mini rai. Zan yi kabbara da niyya mai kyau, sai babur ya wuce, ko wani ya saki ƙarfen rodi a ƙasa, shi ke nan na tafi. Ina tsaye a gaban mutane, amma zuciyata tana can Duwala ta Kamaru tana bin motar siminti. Sai in ɗago daga sujada ban san ko zama zan yi ko miƙewa ba. Daga bayana in ji an ce "Subhanallah", in gyara, a ƙarshe in yi sujadar rafkanwa. Har wani mai fenti, mutum mai bakin tsiya, ya ce sallata da gyara take zuwa kamar awon gero. Na yi dariya tare da su, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Tsoro biyu nake ji: ko dai haukacewa nake yi a hankali, ko kuwa imanina ne ya yi rauni, ina ɓata wa bayin Allah salla, ranar gobe a tambaye ni.

Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na ƙara azkar. Matata ce ta gaji ta ce, "Malam, kai da ka kai ni asibiti a kan ciwon haƙori, kanka ne ba za ka kai ba?"

Likitar da na samu a asibitin mace ce, tana haɗa Sango, yaren ƙasar nan, da Faransanci, ta yi mini tambayoyi har na fara ƙosawa. Ina barci? Ina firgita in na ji ƙara? Tun yaushe nake fara aiki in bar shi in kama wani? Sai ta ce, "A gidanku akwai mai irin wannan hali?"

Na ce babu, har da ɗaure fuska. Mahaifina mutum ne mai nutsuwa, wanda in ya shigo layi ake rage murya. Ta ce in dai je in tambayi tsofaffin gida, in dawo.

Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Na same ta tana tsince shinkafa, na gaya mata abin da likita ta tambaya. Ta ajiye faifan ta yi dariya har da tari.

"Yaya ne mai nutsuwa? Kai ɗan nan! Mutumin da ya je Masallacin Koudoukou a kan keke ya dawo da ƙafa, yana tambayar wa ya ɗauki kekensa? Ka taɓa ganin ya ja salla?"

Ban taɓa gani ba. Ko baƙi suka zo gida, sai ya tura wani gaba ya koma sahu. Duk unguwa ana cewa tawali'u ne, ni ma haka na ɗauka, har ina ba 'ya'yana labari.

"Tawali'u yana da shi," in ji Goggo, "amma raka'a ce ba ta zama masa a kai. Haka kakanku ma. Mu muka sani, mu da muke bin su da hula da makulli."

Wallahi a wurin na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya. Idan mutumin da na fi yarda da imaninsa a duniya ya rayu da wannan abu har ya tsufa da mutuncinsa, to ba alamar taɓewa ba ce.

Da na koma, likita ta ce hakan ta zata. Akwai mutanen da ake haifa da hankali mai wuyar tsayawa wuri ɗaya, kuma abin yana bin jini. Ba kowa ne a gida yake ɗauka ba, wanda ya ɗauka ma wani nasa kaɗan ne. Amma idan tashin hankali da rashi suka taru wa mai irin wannan gado, sai abin ya yi nauyi fiye da na maƙwabcinsa da suka ga abu ɗaya. Ta ce ba hauka ba ne. Ta koya mini yin aiki ɗaya kafin in taɓa wani, ta sa ni gyara barcina, ta haɗa ni da mai sauraron waɗanda rikici ya taɓa. "Yeke yeke," ta ce, wato sannu a hankali.

Saura limanci. Na yanke shawara in yi yadda mahaifina ya yi. Wata rana bayan La'asar na juyo na gaya wa 'yan layi komai, na ce su zaɓi wani, ni zan koma sahu.

Kowa ya kalli mai fenti. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ai mun daɗe da sani. Ba ka lura a kowace rana mutum ɗaya ne kawai yake cewa Subhanallah ba? Karɓa-karɓa muke yi. Wanda ya tsaya daidai bayanka, ranar shi ke riƙe maka raka'a. Yau ni ne."

Wani dattijo mai sayar da bututu ya miƙe yana neman takalminsa, ya ce, "Lokacin da kowa ke tsoron fitowa, kai ka riƙa shimfiɗa tabarmin nan. Ka ci gaba da ja mana, ƙirgen namu ne."