Rumfar da Aka Yi wa Faifan Sola a Gefen Damazin

Mun tashi daga Mai Wurno da asuba, ni da wani abokina, a ƙaramar bas mai zuwa Damazin. Kawuna ne ya aiko kirana, don ya san lantarki na karanta. Ƙauyensu yana shan ruwa daga rijiyar wani ƙaramin barikin soja da ya bar injin gas ya koma sola, don tsimin mai da rage hayaƙi. Ruwa ya ragu, kuma jami'in barikin ya ce zai rufe famfon ƙauye idan ba a gano dalili ba.

Hanyar ta ƙi ƙarewa. Kuɗin mota ya haura abin da na sani bara, a kowane shingen bincike kuma sai an sauke mu. A Sinja muka ci wake da mai, abokina ya ce man leƙowa kawai ya yi ya koma. Ni dai ban iya zama ba. Ina ta bitar abin da zai iya lalacewa, ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Bayan azahar muka isa. Rijiyar tana bayan ƙauye, nesa da barikin, sojoji tankinsu kawai suke gani. Can na tarar da sabuwar rumfar kara, wadda a nan ake kira rakuba, ta lulluɓe kusan rabin faifan solar da ke ba injin rijiyar wuta.

Kawu ya dube ta da alfahari. "Mu munka yi ta da gayya, ɗana. Wane babur ka taɓa gani an bari a rana?" A wannan yankin, babur shi ne injin ban ruwa, kuma gaskiya ne, kowane manomi yana yi wa nasa inuwa. Godiya ce suka yi wa barikin.

Ban yi gardama ba, domin dattawa suna tsaye. Na auna wutar, na roƙi a ɗaga zana ɗaya, na sake aunawa. Kafin in buɗe baki, kowa ya ji ƙarar injin rijiyar ta sauya.

"Ashe wannan dabba rana taka ci!" in ji Kawu. Aka yi dariya, aka ciro rumfar, aka kafa ta inda mata ke layin ɗiban ruwa. Da aka kai wa jami'in labari, ya yarda ya dakata ya ga yadda tankin zai yi.

Washegari muka dawo gida. Ba zan ce tankin ya cika ba, don ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne famfon ƙauye a buɗe. Tafiyar ta koya mini cewa duk wanda ya kafa wa mutane sabon abu, bai gama aiki ba sai ya gaya musu abin da yake ci.