Kujerar Hagu a Motar Orozali

Duk garin Talas an san jar motar Orozali, an kuma san ba ta hawa babbar hanya sai da matarsa Kunduz a kujerar hagu. Motar 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu da guntun baya, irin wadda samarin Japan ke tsere da ita, kuma a can ta cinye ƙuruciyarta kafin ta faɗo hannun Orozali, tsohon bakaniken tarakta. Mitarta ta daɗe da haura kilomita dubu ɗari huɗu. Maƙwabta kan ce banda lamba babu abin da Orozali bai taɓa kwancewa a jikinta ba. Amma in ya taka ta, har gobe sai ta manna mutum da kujera.

Aibinta ɗaya ne, shi kuma ba na gyara ba ne: sitiyarinta a dama yake, alhali hannun dama ake bi a ƙasar. In babbar mota ta tare gaba, direba ba ya hango mai tahowa, sai wanda ke kujerar hagu. Aikin Kunduz ke nan tun ranar da motar ta shigo gidan. Ta leƙa, ta ce "tsaya" ko ta ce "tafi". Mutumin da a gida ko cewa ta yi shayi ya huce sai ya yi musu, a mota bai taɓa tambayarta ko ta tabbata ba. Tana faɗa yake taka totur. Kunduz ta shafe rayuwarta a ɗinkin dardumar gashin tumaki ba mai neman shawararta, saboda haka tana son kujerar nan, so ba na wasa ba.

Tun hunturun bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya fuskar mutum in ya yi nisa sai ta zama kamar an shafe ta da toka. Ta ajiye ɗinki, ta ce yatsunta ke ciwo. Mijinta kuwa ko da wasa ba ta gaya masa ba. 'Yarsu Meerim da mijinta sun daɗe suna matsa masa ya sayar da motar, abin da yake kare kansa da shi kullum shi ne yana da idon da ya fi na kowane direba, wato nata. Ta san ranar da ta buɗe baki motar ta tafi, kuma Orozali in babu mota tsoho ne kawai mai zaman benci.

Ana cikin haka Meerim ta haifi ɗan fari a Bishkek, babban birnin ƙasar, kuma a al'adarsu uwar mai jego ce ke kai gadon jariri. Kunduz ta ce ko za su bi motar haya. Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. Ya kwashe mako a ƙarƙashin motar, ya juye baƙin mai, ya sake filogi, ya ɗaure tiyon lagireto da sabon ƙarfe, yana yi yana waƙa. Ita kuwa tana kallonsa tana tunanin hanya.

Suka kama hanya da hantsi, gadon katako a baya an naɗe shi da bargo. Ƙarshen kaka ne, tireloli maƙare da waken Talas sun cika hanya. Kunduz ta yi wa kanta dabara: yawancin direbobi na kunna fitila da rana a hanyar dutse, fitila kuwa tana iya gani. In ta hango haske ta ce tsaya. In ba ta hango ba ta ƙara jira, ta yi bisimilla a zuci, sannan ta ce tafi. Da haka suka wuce tirela uku.

"Tsohuwa, yau wa ya taɓa ki?" in ji Orozali. "Tsaya, tsaya. A haka sai yaron ya yi gemu kafin gadonsa ya iso."

"Ka kalli gabanka, Baban Meerim, ka bar ni da nawa."

Ya yi dariya, ita ta goge tafin hannunta a siket.

Da suka fara hawan dutsen Otmok abin ya canja. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu, rana ta dake ta, hasken ya cika mata ido har hanya da dutse da sama suka zama abu ɗaya fari. A gabansu wata tirela na jan ciki tana tofa musu hayaƙi. Jar motar ba ta son tafiyar hawainiya, in ba iska na dukan lagireto ba sai ta ɗauki zafi. Orozali ya ƙwanƙwasa gilashin mita da farce ya ce allurar zafi tana hawa, kuma babu gefen tsayawa sai rami. Ya ce in suka ƙara jimawa a bayan wannan jaka injin zai dafe, ta duba masa da kyau.

Ta duba. Ta matse ido har hawaye ya fito. Babu fitila. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san rashin fitila ba shi ne rashin mota ba.

"Tafi," ta ce.

Ya sauke giya, motar ta yi kuka ta fita. Sun kai tsakiyar tirelar sai farin da ke gabanta ya yi duhu a wuri ɗaya, duhun ya girma, ya zama farar mota ba fitila, tana tahowa daidai kujerarta. Orozali ya taka totur har ƙasa, ya yanko dama a hancin tirelar, ta ji ƙarar fashewa a gefen kunnenta, farar motar ta tafi da madubin hagu. Ƙahon tirela ya bi su kamar zagi.

A wani ɗan fili can sama ya tsaya. Ya fita ya zagaya motar, ya shafa inda madubin yake, ya buɗe bonet ya tsaya kallon injin. Da ya dawo fuskarsa ta yi fari. Ya zagi direban farar motar da uwar da ta koya masa tuƙi, sannan ya koma kan kansa. Ya ce laifinsa ne, ya makara wajen sauke giya, da ya saurare ta tun faɗar farko da sun wuce lafiya. Ya ce tsufa ne ya fara kama masa ƙafa. Ya dafa gwiwarta ya ba ta haƙuri, abin da bai saba ba. Ko kusa bai kawo a ransa cewa laifinta ne ba, kuma wannan ya fi madubin firgita ta.

Suka gangara kwarin Suusamyr, hanya ta miƙe. Ba a jima ba suka cim ma wata tirela. Orozali ya matsa bayanta, ya ɗora hannu a kan giya, ya jira. Kunduz ta leƙa. Fari ne kawai. Ta ji gadon katako na ƙwanƙwasa bayan kujerarta duk sanda taya ta faɗa rami.

"Yaya?" ya ce.

"Ban sani ba."

"Ki ƙara leƙawa mana."

"Baban Meerim, ba na gani. Tun bara."

Bai juyo ba. Ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali har tirelar ta ba su rata. Sannan ya yi magana da wata murya siririya da ba ta san shi da ita ba.

"Ukun nan na safe fa?"

"Allah ne ya wuce da mu."

Ta ga yadda ya damƙe sitiyari da hannu biyu, wannan kam kusa yake, ta gani sarai. Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya miƙa hannu ya kunna hita har ƙarshe don ta janye zafin injin, ya sauke gilashi, ya koma bayan tirelar ya lafe. Motocin haya na wuce su suna ƙaho, wani yaro ya leƙo ya ce baba in ba za ka tuƙa ta ba ka ba mu. Orozali bai ko kalle shi ba.

Sai da suka fara hawan dutse na biyu, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya tambaye ta ko za ta iya ganin fuskar jaririn. Ta ce in an matso mata da shi sosai. Ya gyaɗa kai. Can kuma, kamar mai tambayar farashin dankali, ya ce in sun isa ta tuna masa ya tambayi mijin Meerim wace rana kasuwar motoci ke ci.