Gyaɗar Inna da Madubin Sabon Gari

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin yaƙe-yaƙen da aka yi saboda ƙasa da sarauta, amma har yau ban ga wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kan yaƙin da na yi da kurege a bayan Samaru ba. Wannan giɓi ne babba a ilimi, kuma tunda ni kaɗai na rage cikin manyan hafsoshin da ke da sha'awar magana, ya zama dole in cike shi. Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar kama aiki, ba zan manta da wannan daminar ba.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Zariya ba, ina koyar da tarihi a wata sakandare, ina kuma da 'yar gona a bayan makarantar, kusa da wani tsohon suri. A shekarar ce Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Bayan an share makoki, yayata ta kira ni ɗakin Inna ta miƙo mini wata ƙwarya da aka ɗaure bakinta da tsumma. Irin gyaɗa ne, 'yar ƙarama, ja, wadda Inna ta gada daga tata uwar, ba a kuma samunta a kasuwa. Wanda ya taɓa cin ƙulin da aka yi da ita ba ya sake girmama wani ƙuli.

“Ita ke nan ta rage,” in ji yayata. “Mu nan kowa ya koma sabon iri. Kai ne kake garin masu binciken noma. Kada ta mutu a hannunka.”

Na ce, “Haba Yaya, gyaɗa ce fa.”

“Na san gyaɗa ce. Kai ma na san ka.”

Da ruwan shuka ya sauka na shuka rabi. Ko da na koma duba tsiro, sai na tarar an bi kunya-kunya an tone kowane rami, da tsari da natsuwa irin wanda ban taɓa samu daga ɗalibaina ba. A kan surin kuwa ga kurege tsaye da ƙafa biyu yana kallona kamar sufeto ya zo duba makaranta.

Uwargida ta ce in zuba sauran a tsofaffin bokitai a tsakar gida, a samu iri tukuna, baɗi a koma gona. Na yi mata bayani cikin haƙuri cewa mutumin da ya koyar da faɗuwar dauloli ba zai bar wa dabba mai jela fili ba. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

A ɗakin malamai na kai ƙara wurin abokina malamin kimiyya, mutumin Kudancin Kaduna, wanda muke kira Farfesa saboda bai taɓa amsa tambaya a taƙaice ba. Yana da bindigar iska, irin mai karyewa a tsakiya a sa mata 'yar dalma, wadda wani malami ɗan Indiya ya bar masa da zai koma gida. Muka gwada ta a gona da safe, kuregen bai ko fasa karin kumallonsa ba. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya ce matsalar ba ta bindiga ba ce, ba kuma ta maharba ba ce.

“Ido ne, Malam. Idon ɗan Adam bai kai ba. Turawa madubin hange suke ɗaura wa bindiga, ya jawo maka dabbar har gaban hancinka. Sai dai ka yi mata sallama ka harbe ta.”

Sabon madubi dai ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, wannan ba sai an yi taro a kai ba. Saboda haka ranar Asabar muka hau babur ɗinsa muka nufi Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, inda duk abin da Turai ta gaji da shi yake zuwa ya yi ritaya. A wani shago, tsakanin dutsen guga da injin markaɗe da takalman ƙanƙara da ban san wa ake jira ya saya ba, muka sami madubai guda biyu. Mai shagon Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina, kuma duk wanda ya shigo shagonsa Alhaji ne, har Farfesa da yake dattijo a cocinsu.

Ɗaya ƙarami ne, gajere, da ƙafafunsa na ɗaurawa a jiki. Ɗayan kuwa dogo ne, mai faɗin baki kamar kofin shayi, jikinsa duk lambobi, sai dai ba shi da ƙafa. Saboda rashin ƙafar ma ya fi ƙaramin araha. Ka haɗa wa malamin makaranta girma da araha da lambobi a abu ɗaya, ka gama da shi.

A Sabon Gari kuwa ƙa'ida ce, kaya a shago ake gwada su. Rediyo a kunna, fitila a haska, in ka taka bakin ƙofa ciniki ya ƙare. Amma madubin bindiga a kan bindiga ake gwada shi, mu kuma a shekarun nan ba mai hankalin da zai ratsa kasuwar Sabon Gari da abu mai kama da bindiga. Kafin ka kai layin 'yan tumatir an rufe shaguna, labari ya isa Samaru cewa an fara rikici. Don haka muka gwada shi yadda ya samu. Farfesa ya tsaya a ƙofar shago ya kafa shi a ido, ya auna mai sayar da jarida can tsallaken titi, ya fara karanto mana kanun labarai ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka taru. Wata mai sayar da ayaba ta roƙa a duba mata ko mijinta ne zaune a wancan benci.

“Alhaji, wannan ko kwarkwatar jikin kuregen za ka gani,” in ji mai shagon. “Ƙaramin na masu wasa ne. Ku manyan mutane ne.”

Na tambaya, don a san ni ma na yi karatu, ko akwai garanti.

“Garanti ai kun gani da idonku. Ya karanta jarida ko bai karanta ba?”

Ya karanta. Muka biya.

Saura ƙafa. Muka naɗe bindigar a tabarma tare da fartanya da tsintsiya don ta yi kama da kayan gona, muka kai wa wani mai walda a Cikaji wanda ya shahara wajen ƙofofi da tagogi. Bai taɓa ganin irin aikin ba, wannan kuwa bai rage masa ƙwarin gwiwa ko kaɗan ba. Ya yanko guntun bututun ruwa, ya lanƙwasa, ya ɗaure da noti, sannan ya rufe ido ɗaya ya miƙa bindigar gaba kamar mai duba ko katako ya miƙe.

“Bindigan nan ya zauna,” ya ce. “Ni ƙofan masallaci ma da ido nake saita shi.”

A jikin madubin akwai wasu 'yan maɓallai biyu masu juyawa. Na kai hannu, Farfesa ya buge mini yatsu. Ya ce Bature ya riga ya saita abinsa a masana'anta, da injuna, ba za mu zo da hannun da muke cin tuwo mu ɓata ba. Shekaru bayan haka na karanta cewa waɗannan maɓallan su ne duk aikin: sai ka yi ta harbin takarda kana juya su har inda ido ya nufa ya zama nan dalma take sauka. Mu takarda ɗaya ba mu harba ba. Mun ga dalmar ta yi kaɗan a ɓata ta a kan abin da bai ci mana gyaɗa ba.

Da wannan shiri na ɗauko ƙwaryar Inna na juye sauran irin duka a gona. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙwaryar da na dawo da ita wayam.

“Malam, ko ƙwaya goma ba ka rage ba?”

Na ce mata wanda ya rage iri bai yarda da makaminsa ba.

Washegari da hantsi muka kwanta rub da ciki a ƙarƙashin wata ɗorawa, manyan malamai biyu, babur a jingine can gefen hagu. Kuregen ya fito da iyalinsa. Na kafa ido a madubi, sai na ga duniya ta zama kore, ba sama ba ƙasa. Ashe abin da aka ƙera don hango dabba a ƙarshen fili, in ka auna shi kan abin da ke 'yan taku kaɗan daga gare ka, ganye ɗaya ne yake cika maka ido. In na ɗaga kai ga kurege ƙuru-ƙuru yana tono. In na mayar da ido, sai ganye. Numfashina kaɗai yana kai ni daga Samaru zuwa Shika.

“Ka gan shi?” in ji Farfesa cikin raɗa.

“Ina ganin wani abu mai gashi.”

“To shi ne. Harba.”

Na harba. Madubin babur ɗin Farfesa ya tarwatse. Kuregen ya ɗaga kai, ya dubi babur ɗin, ya dube mu, ya koma bakin aikinsa. Farfesa ya ce wannan ya tabbatar da bindigar tana da ƙarfi. Ya karɓa ya ce zai riƙa auna dama da kuregen don ya rama karkatar. Lissafin daidai ne, sai dai kuregen bai tsaya a inda aka lissafa shi ba. Kafin rana ta take, girgizar bindigar ta kwance wani gilashi a cikin madubin, in ka jijjiga shi yana ƙara kamar akwatin ashana. Kafin mako ya zagayo babu ramin da ba a tone ba.

Nan dariya ta ƙare mini. Na rataye ƙwaryar a bayan ƙofa inda ba zan riƙa ganinta ba. Yayata takan je shagon mai waya a garinmu ta kira ni, in ga lambar in bar ta tana ruri, don ban san da bakin da zan ce mata abin da Inna da kakarmu suka riƙe duk tsawon rayuwarsu, da fari da yunwa, ni na ƙarar da shi a damina ɗaya ba. Gonar ma na daina zuwa.

Sai da damina ta yi nisa na koma, da niyyar in ga ko wake zai kama. Kunyoyin duk ciyawa ce. Amma a gindin surin, da ƙarƙashin ɗorawar da muka kwanta, da bakin wata kwata inda ban taɓa sa fartanya ba, sai ga gyaɗa gungu-gungu ta yi kore shar, har ta fara fure. Na durƙusa na daɗe ina kallo. Ashe kurege ba duk abin da ya tona yake ci ba. Wanda ya fi cikinsa sai ya kai wani wuri ya binne don gaba, kuma ba duka yake tunawa ba. Wato shi ya rage iri.

Da kaka na tuge, na ɓare ta farko. 'Yar ƙarama ce, ja. Abin da na samu ya cika ƙwaryar Inna har da ɗan tozo. Na kai wa yayata rabi. Ta tauna ɗaya, ta share ido da bakin mayafi.

“Ashe dai ka iya noma,” ta ce.

Na ce, “An taimaka mini.”

Abin da wannan damina ta koya mini shi ne, kayan aiki a kan aikinsa ake gwada shi, kuma abin da ba ka da na biyunsa ba ka jingina shi kan abin da ka saya don ya yi araha kuma ya yi kama da na manya. Nakan faɗa wa ɗalibaina haka duk shekara, da murya irin ta wanda ya yi nasara. Madubin yana nan a kan kabad, jikoki suna kallon wata da shi. Gyaɗar Inna kuwa har yau muna cin ƙulinta, kuma kurege ne ya shuka ta.