Mutawakilu Ya Ƙi Zama Mai Magani

Shekara goma sha shida ke nan da Mutawakilu ya bar zangon Kumasi ya sauka Guangzhou, da niyyar ya yi wata uku, ya sayi jakunkunan mata, ya juya. Jakunkunan sun isa gida, shi ya tsaya. Ya fara da raka 'yan kasuwa Shiling, garin masu ɗinkin jaka, daga baya ya kama ɗan ɗaki kusa da kasuwar Canaan yana lodin kayan mutane zuwa Tema da Legas. Matarsa Memuna da 'ya'yansu uku suna Kumasi. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, wata shekarar ma ba ya samu.

Amma ba lodin kaya ne ya sa aka san shi ba, Sinanci ne. A bakin direbobi da teloli ya tsince shi. Bai iya rubuta shi ba, amma in ya yi magana likita na ganewa, ɗan sanda ma na ganewa. Shi ya sa lambar wayarsa ta zama abin da ake bai wa mutum tun kafin ya hau jirgi: in wani abu ya same ka, ka nemi Mutawakilu. Wanda fasfonsa ya ɓata, shi zai kira. Wadda naƙuda ta kama ba shiri, shi. Ya san tagar da ake fara zuwa a asibiti da wadda ake ƙarewa, ya san ma'aikaciyar jinya mai haƙuri da wadda gara a jira ta tashi daga aiki. Gawa goma sha ɗaya ya wanke a garin nan da hannunsa. Bai taɓa cewa a'a ba. Shi da kansa yakan ce ba don ya fi kowa kirki ba ne. In ya ƙi, wa za a kira?

Kanawa kan tsokane shi da Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ya ce Memuna ya kira shi. A da yakan rama. Daga baya ya koma murmushi kawai, don ramuwar ma sai da ƙarfi. Yana da shekara arba'in da bakwai, ranar da ya kai wani mara lafiya asibiti, likitan ya dube shi ya ce shi ma ya miƙo hannu. Da ya auna jininsa sai ya ce masa ya fi wanda ya kawo bukatar gado.

Ghali ne ya ja shi wasan. Bakano ne da ya zo karatun injiniya, ya gama, ya samu aiki a wani kamfanin fitilun sola. Shi da matarsa Surayya, mai sarar kayan yara a kasuwar Shahe, suna zaune a hawa na shida a wani tsohon gini marar lif. Duk Lahadi bayan azahar sukan share teburin cin abinci su yi wani wasa da Ghali ya koya wurin 'yan ajinsu.

"Ka zo ka ci tuwo kawai, Yaya," in ji Ghali. "In wasan bai yi maka ba, ka yi kallo."

Tuwon ne ya kai shi. Ya tarar da Tankari, wani ƙaton Bamaraɗe mai sayen takalma, yana zaune da takarda a gabansa da fensir a kunne. A tsakiyar teburin akwai taswirar da aka zana da hannu da wasu 'ya'yan ludo masu siffa iri-iri, har da wani mai fuska ashirin.

"Ghali, ba dai caca ba ce?"

"Ko kusa. Ba a ci, ba a cinyewa. Labari ne muke yi tare."

Ya bayyana masa. Shi Ghali shi ne mai riƙe da labarin, shi ke faɗin inda ake da abin da ya taso. Sauran kowa yana da mutuminsa a rubuce a takarda, da sunansa da sana'arsa, shi yake faɗin abin da mutumin zai yi. In abin mai wuya ne, a jefa ɗan ludo a ga ko ya yiwu. Na Tankari mayaƙi ne mai gatari. Ta Surayya ɓarauniya ce mai buɗe kowane makulli. A labarin, ayari suke rakawa ta cikin wani daji da mutane ke ɓata a ciki.

Mutawakilu ya yi kallo na awa biyu. Ya ga Tankari, mutumin da bai taɓa ganin haƙoransa a kasuwa ba, yana dukan tebur yana dariya har da hawaye don gatarinsa ya maƙale a kututture. Wayarsa ta yi ƙara sau huɗu a lokacin, sau huɗu yana fita baranda.

Da aka tashi, Surayya ta ce, "Yaya Mutawakilu, mu fa a gurgunce muke tafiya. Saffana ce mai maganinmu a wasan, ta koma Zariya. Tun da ta tafi, ko ƙaya ce ta soki ɗayanmu sai dai mu yi ta ɗingishi."

"Tawaga ba ta cika sai da mai magani," in ji Ghali. Ya miƙa masa wasu takardu shida da ya fassara da Hausa, kowacce da bayanin sana'a ɗaya. "Ka duba duka, amma gaskiya wannan muke nema." Ta mai maganin ce a sama.

"Ai kai ne daidai," in ji Tankari. "Ba ma sai ka koya ba."

"To, zan duba," in ji Mutawakilu. Ya ninke takardun ya sa a aljihu.

Ranar Litinin yana cikin mota da wasu mata biyu 'yan Accra, sun kusa Shiling, aka kira shi. Wani ɗan kasuwar Kano mai suna Alhasan ya yanke jiki ya faɗi a Shahe, tsakanin dilolin wanduna. Mutawakilu bai san shi ba. Ya damƙa matan a hannun direba, ya faɗa masa shagunan da zai kai su, ya sauka ya tari wata motar ya juyo.

Jini ne ya fashe wa Alhasan a ka. Kwana huɗu Mutawakilu yana zirga-zirga tsakanin ofishinsa da asibitin. Shi ke jin maganar likitoci ya mayar wa abokan tafiyar mutumin da Hausa. Shi ke ɗaukar wayar matarsa Saude daga Kano, wadda kullum tambayarta ɗaya ce: ya buɗe ido? Ranar Laraba ta roƙe shi ya kara wa mijin wayar a kunne. Ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar shi ya shiga, ya tsaya riƙe da wayar kusan minti goma, yana jin muryar matar ƙasa-ƙasa tana faɗa wa mijinta abubuwan da ba na kunnen baƙo ba ne. Ya kawar da kai ya kalli bango har ta gama.

A kan bencin asibitin nan ya tuna da takardun. Ya zaro su don ya samu abin kallo. Ta saman ta ce mai magani yana tsayawa a bayan tawaga, idonsa a kan kowa, duk wanda ya faɗi shi zai ruga ya tashe shi, kuma ya yi tattalin ƙarfinsa don kada a neme shi a tarar ya ƙare. Ya karanta sau biyu. Sai ya ji wata irin gajiya ta sauko masa tun daga wuya har gwiwa. Ya mayar da takardar ƙasa.

Ya wuce ta mawaƙi, ya wuce ta mai sulke. Ta huɗu ta maharbi ce. Wannan shi kaɗai yake tafiya a gaban ayari, da nisa, yana duba sawu. Ya san inda ruwa yake. Ba ya yawan magana. Mutawakilu bai taɓa riƙe baka ba, ko zomo bai taɓa kamawa ba, daji kuwa ta tagar mota kawai ya san shi. Amma ya daɗe a kan takardar nan.

Alhasan ya cika ranar Alhamis da hantsi. Juma'a ta tafi a neman takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ranar Asabar Mutawakilu ya wanke shi, aka yi masa salla, aka rufe shi.

Lahadi ya hau benen Ghali yana hutawa a kowane hawa. Sun riga sun zauna. Surayya har ta cike masa wata takardar mai magani da kyakkyawan rubutunta, saura suna.

Ya zauna, ya ajiye takardar maharbin a kan tebur.

"Wannan nake so."

Ghali ya duba. "Yaya, maharbi ne fa wannan."

"Na gani."

"Mi za mu yi da maharbi?" in ji Tankari. "Masu duka muna da su. Wanda zai ɗinke mu muke nema."

"Ku yi haƙuri," in ji Mutawakilu. "Jiya na wanke mutum. Kwana huɗu ina tsaye a kansa, ban san shi ba, bai san ni ba. Gobe wani zai kira, kuma zan je. Amma nan wasa ne kuka ce. In wasa ne, ba na son in wani ya faɗi a waiwayo ni. Ko na ƙarya ne ba na so."

Surayya ta janye takardar da ta cike a hankali ta sa a ƙarƙashin taswira.

"Maharbi ma yana da amfani," in ji Ghali. "Wane suna za ka ba shi?"

Bai yi tunanin suna ba. Ya ce a sa Sirajudeen, sunan wani kawunsa da ya yi zamansa a gona bai taɓa mallakar waya ba. Sannan ya zaro tasa wayar, ya juya ta a hannu, ya miƙa wa Surayya ya ce ta kai ta kicin ta rufe ƙofa.

Aka fara. Ghali ya ce ayari ya iso bakin wani rafi da ya ƙafe. Ya tambayi maharbi me zai yi. Mutawakilu ya ce zai yi gaba shi kaɗai ya duba. Ya jefa ɗan ludon, ya ba shi sha bakwai. Ghali ya sassauta murya ya ce masa ga sawun kuraye uku a yashi, ga wata bishiya da aka sassare ɓawonta, iska na kaɗawa, babu kowa. Mutawakilu ya ce zai ɗan zauna a gindin bishiyar.

"Ka zauna ka yi me?" in ji Tankari.

"In zauna kawai."

Kafin la'asar kurayen suka afka wa ayarin. Maharbi ya kashe ɗaya daga nesa, ɓarauniya ta haye kan amalanke, mayaƙin Tankari ya tsaya a tsakiya yana sara. Sau uku a jere ɗan ludo ya ci amanarsa. Ghali ya ce mayaƙi ya faɗi, jini na zuba. Su ukun duka suka juyo suka kalli Mutawakilu, ba da niyya ba. Shi ma sai da ya ji jikinsa ya motsa a kan kujera.

Ya duba takardarsa sama da ƙasa. "Ba ni da komai a nan sai kibiya da igiya."

Mayaƙin ya mutu a bakin rafin. Wata bakwai Tankari yana wasa da shi. Ya cire fensirin daga kunne ya jefar a tebur, ya ce da an ji maganarsa da ba a kai ga haka ba, ya tashi ya yi alwala, ya yi sallarsa shi kaɗai a baranda, ya tafi ko shayi bai sha ba. Mutawakilu bai ji daɗi ba. Ya kusa cewa a ba shi takardar mai maganin a huta. Bai dai faɗa ba. Da ya karɓo wayarsa ya tarar da kira tara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan matakala. Bakwai na kaya ne. Ɗaya ya riga ya samu wanda ya raka shi kyamis. Ɗayan Memuna ce.

Tankari bai zo Lahadin da ta biyo ba. Ta bayanta ya zo, fuska a ɗaure, ya ce a ba shi takardar da Surayya ta cike, tunda ba wanda zai yi. Mai maganin da ya fito daga hannunsa bai da haƙuri ko kaɗan. Yakan manta aikinsa ya ruga cikin faɗa da sanda, in ya ɗaure wa mutum rauni sai ya haɗa masa da faɗa. Sau biyu ɓarauniyar Surayya tana kusa mutuwa saboda shi. Haka dai tawagar ta ci gaba da tafiya.

A waje ba abin da ya sauya sosai. Ana kiran Mutawakilu, yana zuwa. Jininsa ya ɗan sauka, ya sake hawa. Yana ta cewa baɗi zai tattara ya koma Kumasi, kamar yadda ya faɗa bara. Lahadi uku cikin huɗu yana samun hawa benen, wayar kuma tana zama a kicin daga azahar zuwa la'asar.

Wata Lahadi cikin zafin watan Yuli, ya zo daga filin jirgi inda ya raka wata mara lafiya. Ana tsakiyar ciniki da wani sarkin ƙauye a cikin labarin, Ghali ya juyo ya tambayi maharbi ra'ayinsa. Ashe barci ya ɗauke shi. Mutawakilu ya jingina kai da bango, baki a ɗan buɗe, ɗan ludon yana cikin tafin hannunsa. Tankari ya kai hannu zai taɓa shi, Surayya ta girgiza masa kai. Ghali ya rage murya ya ce maharbi ya yi gaba duba hanya, sai ya dawo. Surayya ta tashi ta juya fanka ta fuskance shi, suka ci gaba da cinikinsu a hankali.